Sabuwar Wuƙar Aljihu Ta Yi Tauri, Kuma Ta Dakushe Da Wuri: Me Ya Kamata A Yi Mata?

Tambaya: Na sayi sabuwar wuƙar aljihu mai ninkewa. Buɗe ta sai da ƙarfi, ɗan ƙarfen da ake turawa a rufe ta har ciwo yake sa wa yatsa, kuma kwalaye kaɗan na yanka sai ga shi ta daina yankan takarda. Marar kyau na saya ne? In sassauta notin da ke gaɓarta? Kuma da me zan wasa ta?

Amsa: Malam, ajiye sukundireban nan tukuna. Matsala biyu ka kawo, kuma kowace da hanyarta: taurin buɗewa maganar gaɓa ce, dakushewa kuwa maganar baki. Duka biyun an saba ganinsu a sabuwar wuƙa, har da mai tsada, don haka ba su isa a ce ka yi asarar kuɗinka ba. A ganina, yawancin wuƙaƙen da ke lalacewa a makon farko hannun masu su ne ke lalata su, ko dai ta murɗa noti ba dalili, ko ta kai bakin ga injin wasi mai cin ƙarfe. Don haka mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu fara da abin da ba ya cire komai daga jikin wuƙar.

Ka san abin da ke cikin gaɓar. Ruwan wuƙar yana juyawa ne a kan noti guda, kuma a kowane gefe nasa akwai siririyar washa, ta tagulla ko ta roba mai santsi, a wasu kuma 'yan ƙananan boris. Lokacin da wuƙa ta fito daga masana'anta, waɗannan fuskoki ba su taɓa gogar juna ba, akwai kaushin da ido ba ya gani. Ga kuma burbushin ƙarfe da ragowar sinadarin gogewa da suka maƙale, ga man da aka shafa don kada ta yi tsatsa a ajiya, wanda idan ya daɗe yakan yi danƙo. A wuƙaƙe masu makullin gefe, wato masu ɗan ƙarfen da ake turawa a rufe su, akwai wani ɗan ƙwallo na ƙarfe ko tangaran, ya ɗan fi na bakin biro girma, wanda ke faɗawa cikin wani ɗan rami a gindin ruwan wuƙar don ya riƙe ta a rufe cikin aljihu. Duk buɗewa sai ƙwallon nan ya bi gindin yana gogarsa, sannu a hankali ya share wa kansa hanya mai santsi. Nan da 'yan kwanaki za ka ga wani siririn zane mai ƙyalli kamar baka a wurin. Kada ka ɗauke shi aibi. Alama ce cewa wuƙar ta fara sabawa.

Abin farko shi ne wanki. Ka buɗe ta rabi, ka wanke gaɓar da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, kana buɗewa kana rufewa a cikin ruwan. Za ka sha mamakin baƙin da zai fita. Ka ɗauraye, ka karkaɗe, ka hure, ka bar ta a buɗe ta bushe sarai, domin ruwan da ya ɓuya tsakanin washa shi ne mafarin tsatsa. Wannan wanki na masu ƙotar roba ko ƙarfe ne. Mai ƙotar itace ko ƙashi a goge ta da tsumma da tsinke kawai. Bayan ta bushe, ɗigo ɗaya na mai marar kauri a kowane gefen gaɓar, sai ɗan mitsitsi a kan hanyar ƙwallon. Man keken ɗinki ya wadatar. Idan za ka riƙa yanka abin ci da ita, nemi farin man ma'adinai irin wanda ake sayarwa a kantin magani, ba shi da wari ko ɗanɗano. Man girki kada ka kusantar da shi, yana tsami ya daskare ya zama danƙo. Man feshin nan WD-40 yana korar ruwa yana kuma narkar da datti, amma ba ya daɗewa a matsayin mai. Yawan mai shi ma matsala ne: aljihu cike yake da ƙura da burbushin zare, kuma duk mai da ya yi saura su zai tara. Fuskar makulli, inda ƙarfe ke tokare ƙarfe, a bar ta a bushe.

Daga nan sai aikin da ba shi da gajeriyar hanya: buɗewa da rufewa. Kana zaune kana hira ko sauraron rediyo, ka yi ta yi a hankali da hannu biyu, sau ɗaruruwa cikin kwanaki. Idan baƙin mai ya fito ta gefen gaɓar, ka goge, ka sa sabon ɗigo. Abin da ban yarda da shi ba shi ne fizgar wuƙa da wuyan hannu don ta buɗe da ƙara. Samari suna son wannan, yana da ban sha'awa, amma kowace fizga duka ce a kan ƙarfen da ke tsayar da ruwan wuƙar da kuma fuskar makulli. Wuƙar za ta yi laushi da wuri, ta kuma yi girgiɗi da wuri.

Ba ka faɗi sunan wuƙar ba, amma daga ɗan ƙarfen da ka ce kana turawa, taka mai makullin gefe ce, wato siririn faranti a cikin ƙota da ke tsallakowa ya tokare gindin ruwan wuƙar. Wani maƙerin wuƙaƙe a Amurka, Michael Walker, shi ya gyara wannan tsari ya zama yadda aka san shi a yau, wajen 1980. Ciwon yatsan da kake ji yana da tushe biyu. Ko dai farantin yana da ƙarfin sifirin sosai, wanda zai ɗan ragu da amfani, ko kuma yana maƙalewa a fuskar ƙarfen, musamman idan na taitaniyam ne yana tokare ƙarfe mai tauri. Za ka gane na biyun idan ka ji ya ƙi motsi sannan ya saki da 'yar ƙara. Maganinsa mai sauƙi ne: goge fuskar da barasar goge rauni don cire mai, sannan ka cuɗa bakin fensir a kanta. Kada ka sa zarto, kada ka lanƙwasa farantin. Ka duba kuma inda yake tsayawa: a sabuwar wuƙa yakan kama kamar kwata zuwa rabin kaurin gindin, kuma da shekaru yana matsawa ciki. An bar wannan sarari ne da gangan don cin da ƙarfe zai yi nan gaba.

Sauran nau'o'in taurinsu daban. Mai makullin baya, irin Buck 110 da ta fito a 1964, tana da sanda mai sifirin a gadon bayan ƙota da ke danna gindin ruwan wuƙar tun daga buɗewa har ƙarshe, saboda haka ba za ta taɓa yin sakwa-sakwa ba, kuma haka aka yi ta. Masu sifirin kawai ba makulli, irin wuƙaƙen sojan Siwizalan na Victorinox, kamfanin da Karl Elsener ya kafa a 1884, taurin sifirin ɗin shi ne dukan tsaronsu. Idan yana karya farce, mai da haƙuri ne kawai maganinsa, kuma galibinsu da ƙusa aka ɗaure su, babu notin da za a murɗa. Opinel ta Faransa kuwa, da ake yi tun 1890 kuma aka ƙara mata zoben kullewa a 1955, ƙotarta itace ce, idan ta sha danshi sai ta kumbura ta matse ruwan wuƙar. A bar ta a wuri mai ɗumi ta bushe, sannan a buga ƙarshen ƙotar a kan tebur, sai bakin ya leƙo a kama.

To, yaushe za ka taɓa notin? Bayan wanki da mai da kamar mako biyu na amfani, idan har yanzu ruwan wuƙar yana tafiya da nauyi ko da ka danne makullin gefe ɗaya don kada ya taɓa shi. Wannan gwajin yana da muhimmanci, domin shi ke nuna maka ko taurin daga noti yake ko daga makulli. Galibin notocin nan masu kai irin na tauraro ne, wato Torx, girman T6 ko T8 ko T10. Ka sami daidai girmansa mai inganci, domin da zarar kan ya cinye ka shiga wahala. Ka murɗa kaɗan ƙwarai, kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka gwada. Inda kake nema shi ne wurin da wuƙar ke juyawa ba nauyi, amma idan ta kulle ka kama bayanta ka girgiza hagu da dama ba ka jin motsi, kuma idan ta rufe ruwan yana zaune a tsakiyar ƙota bai jingina da gefe ba. Kamfanoni da yawa suna sa wa zaren notin gam na musamman. Shuɗi yana kwancewa da hannu, ja kuwa sai da zafi. Idan noti ya ƙi, kada ka yi masa dole. Ka sani kuma cewa wasu kamfanoni suna janye garanti idan ka wargaza wuƙar gaba ɗaya.

Akwai abubuwan da ba sabo ne zai gyara su ba. Idan makulli yana zamewa ya saki lokacin da ka danna bayan wuƙar da hannu (yatsunka nesa da hanyar bakin), idan ruwan yana motsi sama da ƙasa bayan ta kulle, idan tsinin yana leƙowa daga ƙota alhali tana rufe, ko bakin yana bugun cikin ƙota har ka ga wuri ɗaya ya lotse, mayar da ita inda ka saya.

Maganar riƙo ba ta da tsawo, amma a nan ake zubar da jini. Wuƙa mai ninkewa wuƙa ce da aka riga aka raba biyu aka haɗa da noti, komai kyan makullinta. An yi ta don matsi ya zo daga ɓangaren baki, wanda ke ƙara tura ta a buɗe. Duk aikin da ke danna bayanta ko tsininta, irin su soka da ƙarfi, huda abu mai tauri ana murɗawa, ko dukan bayanta da itace don tsaga wani itacen, yana tura ta ne ta rufe a kan yatsunka. Ɓamɓare murfin gwangwani da murɗa noti da tsini su ne suka fi karya tsinin wuƙaƙe. Ka riƙa yanka kana nesanta bakin daga jikinka, kuma kafin ka danna, tambayi kanka inda bakin zai faɗa idan abin ya yanke farat ɗaya. Idan amsar ita ce cinyarka ko ɗaya hannun, sauya zama. Wajen rufe mai makullin gefe, babban yatsanka yana kan hanyar bakin ne kai tsaye. Ka tura farantin, ka ɗan motsa ruwan wuƙar da manuniya har ya wuce makulli, ka janye babban yatsan, sannan ka ƙarasa rufewa. Ka yi haka a hankali har hannu ya haddace. In za ka miƙa wa wani, rufe ta. In ta suɓuce, ja ƙafarka ka bar ta ta faɗi.

Doka kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ka binciki ta inda kake. A Ingila, alal misali, wadda aka yarda mutum ya ɗauka a bainar jama'a ba tare da wani dalili ba ita ce mai ninkewa marar makulli da bakinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62, mai makulli komai ƙanƙantarta sai da hujja. Idan za ka hau jirgin sama, sa ta cikin jakar da ake aunawa a shigar ƙasan jirgi, kada ka bar ta a aljihu ko jakar hannu.

Yanzu ga bakin. Kwali yana cikin abubuwan da suka fi cin kaifi, domin a cikinsa akwai gam da yumɓu da 'yan ƙwayoyin ƙasa masu gogar ƙarfe kamar samfefa. Wani lokaci ma ba dakushewa ba ce, gam ɗin salatif ne ya manne a bakin. Goge shi da barasa ka sake gwadawa kafin ka yanke hukunci. Sannan bakin masana'anta ba shi ne ainihin abin da ƙarfen zai iya ba. Da bel mai gudu ake fitar da shi cikin daƙiƙu kaɗan, kuma zafin yakan ɗan tausasa siririn ƙarshen, ko a bar masa ragowar leɓen ƙarfe da ke yanka da kyau a rana ta farko ya kwanta a ta biyu. Shi ya sa masu wuƙaƙe da yawa ke ganin kaifi ya fi daɗewa bayan wasi na biyu ko na uku, lokacin da aka kai ga lafiyayyen ƙarfe.

Duba rubutun da ke gindin ruwan wuƙar, sau da yawa sunan ƙarfen yana nan. 420HC da AUS-8 da 8Cr13MoV (wannan na ƙarshe sunansa ma yana nuna kusan kashi 0.8 cikin ɗari na kabon da kashi 13 na kuromiyam) ƙarafa ne masu sauƙin wasi, taurinsu yakan kama 56 zuwa 59 a ma'aunin Rockwell, suna dakushewa da wuri suna kuma dawowa da wuri. D2 da S30V suna riƙe kaifi sosai amma suna gajiyar da mai wasi, musamman S30V mai kashi 4 na banadiyam, wanda ƙwayoyinsa a cikin ƙarfen sun fi dutsen wasi na yau da kullum tauri. Ga irin waɗannan, farantin wasi mai ƙwayoyin daimon ya fi. Ni dai ga mai koyo na fi son ƙarfe mai sauƙi, domin yana nuna maka sakamakon hannunka nan take.

Kafin ka ɗauko dutse, riƙe wuƙar bakinta sama a ƙarƙashin haske mai ƙarfi ka kalli ƙarshen kai tsaye. Baki mai kaifi ba shi da faɗin da zai mayar da haske, ba za ka ga komai ba. Inda ka ga ƙyalli, nan ne ya kwanta ko ya lotse. Idan ƙyallin siriri ne, fata kawai kake bukata: tsohon bel na fata a shimfiɗe a kan katako, a shafa masa koren sinadarin goge ƙarfe in da shi, ka ja wuƙar baya-baya, wato gadon bayanta a gaba bakin yana bi, sau goma zuwa ashirin kowane gefe, da hannu marar nauyi. Ga wuƙar da kwali kaɗan kawai ta yanka, akwai yiwuwar wannan ya dawo da ita.

In bai dawo da ita ba, sai mawashi. Ba ka bukatar tarin kaya. Dutse ɗaya mai fuska biyu, mai kaushi wajen lamba 300 zuwa 400 da mai laushi wajen 1000, ya ishi wuƙar aljihu shekaru. Duwatsu masu lamba 3000 zuwa 6000 suna sa ƙyalli, amma baki mai ɗan haƙori na 1000 ya fi cizon igiya da kwali. Dutsen ruwa akan jiƙa shi minti biyar zuwa goma har kumfa ta daina fita, dutsen mai a sa masa mai marar kauri, kuma wanda ya taɓa shan mai ba ya komawa na ruwa. In babu dutse, samfefa mai jure ruwa a manne a kan gilashi tana aiki sosai, haka ma zoben da ba shi da santsi a gindin kofin tangaran yana gyara baki idan an matsu. Abu biyu nake hana mutane. Na farko 'yar na'urar nan mai tsaga da ake jan wuƙa ta ciki, mai haƙoran ƙarfe masu tauri. Tana yagar bakin ne, tana cire ƙarfe da yawa. Na biyu injin wasi mai gudu ba ruwa. An gasa ƙarfen wuƙa na yau da kullum a zafin da bai wuce wajen digiri 200 ba don daidaita taurinsa, kuma siririn baki yana zarce wannan cikin ƙiftawar ido a kan injin. Idan ka ga launin ruwan ƙasa ko shuɗi ya bayyana a bakin, wurin ya riga ya yi laushi, sai an cinye shi duka.

Kusurwa ita ce abin da ke tsorata masu koyo, alhali ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Wuƙar aljihu tana son digiri 15 zuwa 20 a kowane gefe. Ƙasa-ƙasa ya fi yanka, sama-sama ya fi juriya. Idan faɗin ruwan wuƙar santimita 2.5 ne, ɗaga bayanta daga dutse da milimita 7 zuwa 8 ya kai ka wajen digiri 16 zuwa 19. Ƙaramar wuƙa mai faɗin santimita 1.2, milimita 4 sun isa. Ko digiri 17 ka kama ko 20, wuƙar za ta yi kaifi, muddin wadda ka kama ita ce a kowane ja. Hannu mai lilo shi ke mayar da baki kamar gammo ya ƙi yanka. A wasin farko kuma bana ba da shawarar sauya kusurwar masana'anta, ka bi ta yadda take. Hanyar gane ta ita ce alƙalamin maka, wato biro mai kaurin baki: shafa baƙar tawadarsa a kan siririn gangaren bakin, gefe biyu, ka ja sau biyu ko uku a dutse, ka duba. Idan tawadar ta goge a sama kawai ta bar ƙarshen baki, ka kwantar da yawa, ɗaga kaɗan. Idan a ƙarshen kawai ta goge, ka ɗaga da yawa. Idan ta goge duka faɗin gangaren, ka samu. Sau da yawa za ka tarar gefe biyun ba daidai suke ba daga masana'anta, wannan ba sabon abu ba ne.

Ka ɗora dutsen a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame. Ka tabbata wuƙar ta kulle, marar makulli kuma ka kula da ita sosai. Hannu ɗaya a ƙota da wuyan hannu a kafe, yatsu biyu na ɗaya hannun a kan gefen ruwan wuƙar kusa da baki, motsin kuma ya fito daga kafaɗa da gwiwar hannu. Ka tura kamar kana son feƙe siririn yanki daga fuskar dutsen, daga gindi zuwa tsini. Inda bakin ya fara lanƙwasa zuwa tsini, ɗaga ƙotar kaɗan don gangaren ya ci gaba da zama a kan dutse, kuma ka tsaya tsinin yana kan dutsen, kada ka bari ya zame ta gefe, domin haka ake dakusar da tsini.

Ga asirin duka aikin, wanda rashin saninsa ke sa mutum ya yi awa guda yana gurza ba sakamako. Ka zauna a gefe ɗaya, kada ka riƙa juyawa, har sai ƙarfen ya kai ƙarshen baki ya lanƙwaso ta ɗaya gefen ya yi wani siririn leɓe. Ido ba ya cika ganinsa, yatsa ke jinsa: ka shafo daga bayan wuƙar zuwa baki ka wuce, a gefen da ba ka wasa ba, za ka ji ɗan kaushi yana kama fatar yatsa. Kada ka taɓa shafawa a tsawon bakin. Leɓen nan shi ne shaidar cewa dutse ya isa ƙarshe. Muddin babu shi, kafaɗar gangaren kawai kake ci, ainihin bakin yana nan yadda yake a dakushe. Kuma dole ya fito tun daga gindi har tsini ba giɓi. Wurare biyu da ake yawan tsallakewa su ne dab da ƙota da kuma lanƙwasar kusa da tsini. Ƙidayar ja ba ta da amfani a nan, wata wuƙar ja goma ya isa, wata sai ɗari. Da ya fito, juya ka yi wa ɗaya gefen kwatankwacin aikin da ka yi wa na farko har leɓen ya koma can, don bakin ya zauna a tsakiya. Ƙaramin leɓe ake so, wanda da ƙyar ake ji. Babba ɓarnar ƙarfe ce.

Rabin aikin na biyu shi ne cire leɓen, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke tsayawa da wuri. Wuƙa mai leɓe tana aske gashin hannu, mai ita ya yi murna, ya yanka igiya ɗaya ta koma gidan jiya, sai ya zargi ƙarfen. Ka koma fuskar dutse mai laushi, ka riƙa ja ɗaya a nan ɗaya a can, kana rage nauyin hannu a kowane zagaye har ya zama nauyin wuƙar kaɗai ke kan dutsen. Ka riƙa dubawa da yatsa da haske. Ƙarafa masu laushi marasa tsatsa suna da naci, leɓen yakan yi ta kaiwa da komowa ya ƙi ɓallewa. Idan haka ta faru, ɗaga kusurwar da 'yan digiri kaɗan ka yi ja biyu marasa nauyi ko kaɗan a kowane gefe, sannan ka koma kusurwarka. Ka ƙarasa a fata, baya-baya, ba tare da dannawa ba, kuma kada ka mirgina wuƙar a ƙarshen ja, domin fata tana da laushi, tana iya naɗe bakin ta dakusar da abin da ka gama gyarawa.

Gwaji da takardar jarida ya fi aske hannu gaskiya. Ka yanka a hankali daga gindi zuwa tsini. Duk inda ta tsaya ko ta yage, akwai saura a wurin. Bayan haka ka yanka kwali sau biyu ko uku ka sake gwada takardar. Idan har yanzu tana wucewa, leɓen ya fita da gaske. Ka wanke ruwan wuƙar da gaɓarta daga ƙurar dutse kafin ka rufe ta, domin wannan ƙura idan ta shiga tsakanin washa za ta ci su.

Daga nan kulawa kaɗan ce. Fata bayan kowane aiki mai yawa, dutse sai lokacin da fata ta kasa, kuma fuska mai kaushi sai idan baki ya ɓalle ko ya lotse sosai. Kada ka yanka abu a kan faranti na tangaran, gilashi ko siminti. Idan ƙarfenka na kabon ne zalla, irin 1095 ko Opinel da aka rubuta wa Carbone, zai yi duhu-duhu idan ya taɓa abu mai tsami, wannan launi ba ya cutarwa, har yana ɗan kare shi. Jan tsatsa ce abar gudu, sai a goge a bushe bayan kowane amfani a shafa ɗan mai. Wanda ake ce wa marar tsatsa shi ma gumi da ruwan gishiri suna kama shi, D2 ma ya fi saurin nuna tabo. Idan wuƙarka tana da sashe mai haƙora kamar zarto kusa da ƙota, kada ka ɗora shi a shimfiɗaɗɗen dutse. Siririyar sandar wasi mai tsini ake sa wa kowane rami ɗaya bayan ɗaya ta gefen da aka sassaƙa, sannan a shafe leɓen ta ɗaya gefen da ja ɗaya ko biyu.